Ƙullutun da na tarar a hammatar ɓera

Sati na biyar da fara furojek ɗina, na ɗaga wata ɓera mace zan auna ta, sai na ji wani ƙullutu kamar ƙwarar gyaɗa a hammatarta. Tana cikin waɗanda nake ɗura wa ruwan wani ganye. Wallahi nan take na fara tsara babi na huɗu a raina: ganyen nan yana kawo ƙari!

Malamin da ke duba aikina bai ko yi mamaki ba. "Watanta nawa? Ka shafa waɗanda ba ka ba komai ba?" Ni kuwa tsuru-tsuru. A wurin wani mai kiwo na sayo su da araha, ban tambayi shekaru ba.

Ashe ɓera mace tana yin ƙarin nono haka kawai, ba tare da an ba ta komai ba. Nonuwanta goma sha biyu ne, kuma naman nonon ya shimfiɗu tun daga wuya har matsematsi, shi ya sa ƙullutun kan fito a inda ba ka zata ba. Yawancinsa faiburo'adinoma ne, wato ba sankara ba, yana motsi a ƙarƙashin fata idan ka taɓa. Tsufa ne babban dalili, sai sinadarin furolaktin da ke yawaita a jinin tsofaffin mata, sai ƙiba. Ɓerayen da aka bar wa abinci su ci yadda suka ga dama sun fi yin sa. Jinsi ma da nasa: Sprague-Dawley sun yi suna a kan wannan, Wistar da muka fi amfani da su a nan ma ba su tsira ba.

Kada ku ɗauka ɗalibi ne kaɗai ke faɗawa wannan rami. A 2012, Gilles-Éric Séralini na Jami'ar Caen a Faransa ya wallafa bincike kan masarar NK603 da aka sauya wa ƙwayar halitta, da hotunan ɓeraye ɗauke da manyan ƙari. Duniya ta ɗauka. Amma Sprague-Dawley ya yi amfani da su har tsawon shekara biyu, kuma kowane rukuni goma-goma ne kacal. Da irin wannan ƙaramin adadi, ta yaya za ka raba aikin masara da aikin tsufa? A 2013 mujallar ta janye binciken, ko da yake wata ta sake buga shi a 2014.

Don haka duk wanda zai sayi ɓeraye, ya tambayi jinsi da watanni, ya rubuta. Ya shafa jikin kowace tun ranar farko, kuma ya riƙa duba rukunin da ba a ba komai ba kamar yadda yake duba sauran.

Da na koma na shafa nawa, sai ga ƙullutu a jikin wata da ruwan famfo kaɗai take sha. Dole na sake sayen ɓeraye ƴan wata biyu, kuɗin abincina na wata guda ya tafi a nan.