Dutsin tama yana ba da labarin kansa

Filinge tana cikin Dallol Boso, kwarin wani tsohon gulbi da ya taso daga Azawak. A gefen kwarin akwai tuddai masu jan dutsi. Jan nan tsatsar ƙarfe ce. Dutsin da ƙarfe ya yi yawa cikinsa, shi maƙera ke kira tama.

Akwai irin tamar da, in an fasa ta, cike take da ƙwayoyi kamar na gero. In an yanka ƙwaya guda, aka duba da madubin ƙara girma, sai a ga ɓawo bisa ɓawo kamar albasa. Sau da yawa akwai ƙwayar rairayi a tsakiya.

Yaya aka yi haka? Ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa, inda iska ba ta kai, yana narkar da ƙarfe ya tafi da shi. In ya gamu da iska, sai ƙarfen ya koma tsatsa ya kwanta. Mata sun san wannan: ruwan wata rijiya yakan fito garau, ya kwana cikin tulu, ya bar jan laka a gindi.

Ke nan, shekaru miliyoyi da suka wuce, ruwa marar zurfi ya kwanta inda irin wannan tama take. Yana motsi yana mirgina rairayi, tsatsa tana lulluɓe shi kaɗan-kaɗan.

Tsatsa kuma takan kama abin da ta tarar cikin ruwa. Ɗaya daga ciki shi ne fosfor, wanda ke cikin takin zamani. Tamar Say, kudu da Yamai, mai ƙwayoyi ce, kuma tana da fosfor da yawa. Ga gona fosfor alheri ne, amma yana sa ƙarfe saurin karyewa, fid da shi kuma yana cin kuɗi. Shi ya sa masana ke auna abin da ke cikin dutsi kafin a soma haƙa.

Uraniyom na Arlit, da aka fara fitarwa a 1971, shi ma ruwa ya kawo shi. Sai dai shi ruwa mai iska ya ɗauke shi, ya aje shi inda iska ta ƙare, wurin ruɓaɓɓun itatuwa.

Tambayoyi
1. Me ke sa dutsin tuddan Kurfai ja?
2. Me ɓawon ƙwayar tama ke nunawa?
3. Don me ake auna fosfor kafin a haƙi tama?