Shin Kaciya Tana Kare Namiji Daga Ƙanjamau?

Tambaya: Na ji ana yi wa manyan maza kaciya a wasu ƙasashen Afirka domin rage yaɗuwar ƙanjamau. Da gaske ne? In haka ne, mu da aka yi wa tun muna yara mun tsira ke nan? Daga wani malamin makaranta, Katsina.

Amsa: Labarin da ka ji gaskiya ne, amma ba mu tsira ba.

An gudanar da manyan bincike uku a kan dubban maza: a Orange Farm ta Afirka ta Kudu, inda sakamako ya fito a 2005, sai Kisumu a Kenya da Rakai a Yuganda. Aka yi wa wasu kaciya nan take, wasu aka jinkirta musu, aka riƙa bibiyarsu. Aka gano haɗarin kamuwar namiji daga mace ya ragu da kusan kashi 60 cikin 100 ga masu kaciya. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar sanya kaciya cikin matakan rigakafi, musamman a gabashi da kudancin Afirka, inda cutar ta yi ƙamari kuma wasu ƙabilu, irin su Luo, ba su gaji yin ta ba.

Dalilin yana cikin loɓa. Fatar cikinta laushi gare ta, ga danshi, kuma tana saurin tsagewa yayin saduwa, sannan tana ɗauke da ƙwayoyin garkuwar jiki waɗanda cutar ke bi ta cikinsu. In aka cire ta, hanyar shigar cutar ta ƙuntata.

Sai dai ragi ne kawai, Malam. Mai kaciya yana kamuwa, kuma in yana ɗauke da cutar, kaciyarsa ba ta hana shi shafa wa matarsa. Babban da aka yi wa kuwa dole ya ƙaurace wa iyali mako 6 har ya warke sarai. Kaciyar mata kuma ba ta cikin wannan magana, illa ce zalla.

A wajenmu, abin lura shi ne askar wanzami. Kada a jera yara a yi musu da aska ɗaya. Kowane yaro da sabuwar rezarsa, ko a kai shi asibiti.

Don haka a kame kai, a yi gwaji kafin aure, a yi amfani da kwaroron roba inda ake da shakka. Wanda aka samu da cutar ya rungumi magani, domin shan sa a kan ƙa'ida yana kare shi, yana kare iyalinsa.