Ƙaba Da Toshewar Hanji: A Gyara Tun Tana Komawa

Alamomi huɗu ne ke sa mu masu aikin tiyata mu zargi toshewar hanji a jikin babban mutum: ciwon ciki mai murɗawa yana saki, amai wanda kan koma kore, kumburin ciki, da ɗaukewar bayan gida har da tusa. A Turai da Amurka, abin da ya fi jawo ta shi ne tabon tsohon aiki, wato zaruruwan nama da kan ɗaure hanji bayan an taɓa buɗe ciki. A asibitocinmu kuwa, ƙaba da ta maƙale tana sahun gaba. Bayanta akwai murɗewar babban hanji, wadda ta fi kama maza, sai kansar hanji ga masu manyan shekaru, da tarin fuka na ciki.

Ke nan kaso mai yawa na wannan cuta a wurinmu abu ne da ake iya tarewa. Ƙaba kan yi shekaru tana fitowa a matsematsi ko cibiya, mutum ya kwanta ya danna ta koma. A lokacin gyaranta ƙaramin aiki ne, wani lokaci ma wurin kawai ake kashewa da allura. Ranar da ta ƙi komawa, ta yi tauri tana zafi, jini ya daina isa ga hanjin da ya maƙale, kuma cikin kamar awa 6 yana iya mutuwa. Idan aka buɗe sai a tarar da shi ya yi baƙi, dole a yanke a haɗa.

Wani zai ce ai tiyatar ma tana haifar da toshewa. Haka ne, amma gyaran ƙabar matsematsi yawanci ba ya bukatar shiga cikin ciki, kuma toshewar tabo sau da yawa takan warware da ƙarin ruwa da robar hanci mai zuƙe abin da ya taru. Wani zai kawo maganar kuɗi, alhali aikin gaggawa, da ƙarin jini da doguwar jinya, ya ninka kuɗin gyaran tun tana komawa. Masu cewa basir ne, su ɗirka wa mara lafiya filasko ko maganin wankin ciki, suna tura kaya ne a hanyar da ta toshe, hanjin na iya fashewa. Wanda alamomin nan suka bayyana gare shi, kada a ba shi ci ko sha, a kai shi asibitin da ake tiyata a ranar.