Laimar Kwaɗi a Tsakar Gida: Feshi Ba Ya Maganinta

A hutun daminar da ta wuce na je gidan kawuna a Magama, can bakin iyakar Jibia da Nijar. Wata safiya cikin Agusta muka tarar da laimar kwaɗi ta fito fara tas a ciyawar da ya shuka tsakar gida, ga autarsa 'yar shekara uku ta tsinko ɗaya za ta kai baki. Kawu ya ce a sayo maganin feshi. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, asarar kuɗi ce."

Ga dalili. Laimar da muke gani kamar ɗan itace ce kawai. Ainihin halittar tana cikin ƙasa, zare ne fari siriri mai cin ruɓaɓɓen abu: ɗanyen kashin shanu, tsohon kututture, ganyen da ya taru. Da danshi ya yi yawa sai ya turo laimar don ta watsa ƙurar irinta. Feshi kuwa iyakarsa sama. Da muka haƙa, saiwar bedin da aka sare bara muka samu (darbejiya, in ji Kanawa), ta ruɓe.

To, aikin na hannu ne. A tsinke ta da sassafe kafin ta buɗe, a ƙulle a leda, kar a zuba a ramin taki. A tone kututturen, a share ganye, a bar taki ya ruɓe sosai kafin a zuba. Ban ruwa kuma da safe, ba da yamma ba, don ƙasa ta sha iska. Ciyawar dai ba abin da zai same ta, hasali ma taki take samu.

Inda haɗarin yake shi ne ci. Akwai mai suna Chlorophyllum molybdites, mai son filin ciyawa a ƙasashe masu zafi, wadda ƙasanta kan koma kore-kore in ta tsufa. Amai da gudawa take sawa cikin 'yan awoyi. Wasu nau'in ma sai bayan awa 6 ko fiye alamar ke bayyana, alhali hanta suke lalatawa, kuma dafawa ba ta kashe dafinsu. Eh, akwai wadda ke fitowa a shurin gara ana ci, amma wallahi ido kaɗai ba ya rarrabewa ga wanda bai ƙware ba.

In yaro ya ci, a wuce asibiti nan take ko da yana wasansa, a tafi da ragowar laimar a nuna wa likita.