Baƙo a Kurkuku

Karatu: Farawa 39:7-23, Ibraniyawa 13:3

Yusufu baƙo ne a Masar. Matar Fotifar ta yi masa ƙazafi, aka jefa shi kurkuku, ba uba ba ɗan'uwa da zai tsaya masa. Amma Ubangiji bai rabu da shi ba.

Irin wannan bai ƙare a zamanin Yusufu ba. A 1920 aka kama Nicola Sacco, ɗan Italiya mai aikin takalma a Amurka, bisa zargin fashi da kisa. Shekara 7 yana cewa bai aikata ba, matarsa Rosina tana kai masa ziyara. Aka kashe shi a 1927. Sai a 1977 gwamnan jihar Massachusetts ya furta cewa ba a yi masa adalci ba.

Yawancin mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi. A gidan yarin Daura, wani baƙo ne, danginsa suna nesa. Kai ne danginsa. Kai masa abinci da sabulu, kira mahaifiyarsa a waya, taimaka a nemo masa lauya.

Addu'a: Ya Uba, ka wanke marasa laifi, ka aike ni wurinsu, cikin sunan Yesu. Amin.