Bugun Rana: A Fara da Ruwa Kafin a Nemi Mota

Jama'ar Mai Wurno da ƙauyukanmu na Jazira da bakin Shuɗin Nilu: Tun bayan yaƙin Burmi na 1903, da Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya jawo kakanninmu zuwa wannan ƙasa ta Sudan, noma da su da kiwo ne abincinmu. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aikin auduga ya ƙara fitar da mu rana. A watannin Afrilu da Mayu kuwa zafi yakan wuce digiri 40. Saboda haka ya wajaba kowane gida ya san bugun rana da yadda ake ceton wanda ya kama.

Yadda yake kama mutum

Da zufa jiki yake huce kansa. In mutum ya daɗe yana aiki cikin rana bai sha ruwa ba, sai zufa ta kasa, zafin jiki ya kai digiri 40 ko fiye. Daga nan ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta suke fara lalacewa. Ba ƙaramin abu ba ne: a aikin Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce alhazai fiye da 1,300 suka rasu, a kwanakin da zafi ya haura digiri 50 a Makka.

Waɗanda ya fi kamawa su ne tsofaffi, jarirai, mata masu ciki, masu ciwon suga ko na zuciya, da masu aikin ƙarfi kamar manomi a gona, mai gasa jan bulo a bakin kogi, da masunci cikin jirgi.

Alamominsa

Yakan yi sallama kafin ya shigo: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, ɗaurewar jijiyoyin ƙafa. Wanda ya ji haka ya ajiye fartanya, ya shiga inuwa, ya sha ruwa. In kuwa ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko faɗa ba dalili, ko ya suma, jikinsa kuma zau, to, bugun rana ne ya kankama. Kada a ce iskokai ne. Kada kuma a ce ai yana zufa, ba komai. Mai aikin ƙarfi yakan faɗi jikinsa sharkaf.

Abin da za a yi nan take

1. A kai shi inuwa, a cire masa riga da rawani.
2. A kwara masa ruwa daga kai har ƙafa, na randa ko na rijiya, wanda ya fi sanyi. A yi ta kwarawa ana yi masa fifita da mafici ko faifai.
3. In akwai ƙanƙara, a naɗe ta a tsumma a sa a wuya, hammata da matsematsi.
4. In ya suma, a kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa komai a baki, ko da rubutu ne.
5. In yana cikin hankalinsa, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.
6. Wani ya tafi neman mota, sauran su ci gaba da sanyaya shi, har cikin motar.

A kula: farasitamol da asfirin ba sa sauke wannan zafi, suna ma iya ƙara wa hanta da ƙoda wahala. Rabin sa'ar farko ita ce ke raba rai da mutuwa, don haka tafiya Sinnar ko Sinja ko Wad Madani da mara lafiya a bushe ganganci ne. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 asibitoci da dama sun tsaya, hanya ta ƙara wuya, ruwan da ke gida ya ƙara daraja.

Dalilin zuwa asibiti ko ya farfaɗo

Likita zai yi masa ƙarin ruwa ta jijiya, ya duba ƙodarsa, ya kuma gwada jini. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai da sanƙarau suna zuwa da irin waɗannan alamu, kowanne kuma maganinsa daban.

Rigakafi

Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. A sha ruwa kafin ƙishirwa ta zo. In fitsari ya yi duhu, ruwan jiki ya ragu. A sammaka gona, a tashi da hantsi, a koma bayan la'asar. A sa malafa da fararen tufafi masu sakewa. Ruwan zoɓo da na tsamiya da na kuka suna taimakawa. Kada a bar yaro cikin mota a rufe ko ɗakin kwano da tsakar rana. A riƙa leƙa tsofaffi masu zaman kaɗaici. Mai azumin da ya ji alamun halaka ya sha ruwa, ya rama daga baya. Malamanmu sun tabbatar ceton rai wajibi ne.

Liman ya faɗa a masallaci, malami ya koya wa ɗalibai, uwargida ta gaya wa maƙwabta. Allah ya kiyashe mu, amin.