Ƙiftawar Ido: Alamar da ke Nuna Inda Farfaɗiya ke Farawa

Mutum mai lafiya yakan ƙifta idanunsa kimanin sau 15 zuwa 20 a kowane minti ba tare da ya ankara ba, kuma idanun biyu tare suke rufewa. Amfanin wannan shi ne shimfiɗa ruwan hawaye bisa ƙwayar ido da share ƙura. Amma ga likitan ƙwaƙwalwa, irin ƙiftawar da mai farfaɗiya ya yi a lokacin da ciwon ya taso tana iya zama shaida mai daraja.

Farfaɗiya dai hargitsi ne na lantarkin ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta hanyar ɗan lantarki mai rauni. Idan wani rukuni daga cikinsu ya ɓarke da aika saƙo fiye da kima a lokaci guda, sai ciwon ya tashi. Likitan nan na Landan, John Hughlings Jackson, shi ya bayyana haka tun 1873. A wajen wasu majiyyata hargitsin yakan game ɓangarori biyu na ƙwaƙwalwa tun daga farko, a wajen wasu kuwa daga wuri guda yake somawa kafin ya yaɗu.

Sanin wannan wuri ba ƙaramin al'amari ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan miliyan 50 ne ke fama da farfaɗiya, kuma kimanin kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da tashin ciwon idan sun sami magani daidai. Daga cikin waɗanda magani ya gaza a kansu, akwai masu samun sauƙi in an yi musu tiyata an cire ɗan wurin da ciwon ke tsirowa. Likita kuwa ba zai sa wuƙa ba sai ya tabbatar ko dama ne ko hagu. Saboda haka akan kwantar da majiyyaci na kwanaki, a manna masa wayoyin na'urar auna lantarkin ƙwaƙwalwa a ka, ana kuma ɗaukarsa a bidiyo har ciwon ya taso.

A nan ne ƙiftawar ido ta shigo. Ƙa'idar da ɗalibi ya sani ita ce, ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa ke sarrafa hagun jiki, na hagu kuma ya sarrafa dama. Don haka idan gefen fuska na hagu yana fizga har baki na karkacewa, sai a zargi ɓangaren dama. To amma a 1980 Juhn Wada, likita haifaffen Japan da ya yi aiki a Kanada, ya ba da rahoton majiyyatan da ido ɗaya kawai ke ƙiftawa, a hankali kamar mai kashe wa wani ido, sauran fuskar kuwa ba ta motsi. Abin mamaki, ciwon nasu yana farawa ne daga ɓangaren da idon yake. A 1996 Selim Benbadis da abokan aikinsa a Cleveland ta Amurka suka duba majiyyata 914, suka sami alamar a mutum 14. A cikin 12 da aka gane mafarin ciwonsu, 10 sun dace da abin da Wada ya faɗa. Alamar ke nan ba ta da yawa, kuma ba kullum take faɗin gaskiya ba. Shaida ɗaya ce da ake haɗawa da hoton ƙwaƙwalwa da sakamakon na'ura.

Ƙiftawar idanu biyu kuwa wani zance ne daban. In ta zo da sauri a farkon ciwo, majiyyaci kuma ya ce ya ga ɗigo-ɗigon haske masu launi, akan duba sashen ƙeya, inda cibiyar gani take. Akwai kuma nau'in da Peter Jeavons na Ingila ya bayyana a 1977, wanda ke somawa tun yarinta, ya fi kuma kama 'yan mata: da yarinya ta rufe ido cikin haske sai fatar idon ta yi ta rawa, idanu su juya sama, wani lokaci hankalinta ya gushe na 'yan daƙiƙoƙi. Wannan nau'i ya game ƙwaƙwalwa duka, maganinsa na sha ne. Sau da yawa akan ɗauka tsiwa ce ko rashin mai da hankali, har a hukunta yarinyar a aji.

Likita ba kasafai yake ganin ciwon da idonsa ba. Malami ko abokin zama ne ke gani. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓa jiki, don haka babu dalilin gudu. A kwantar da majiyyaci bisa gefensa, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki. Sannan a lura: wane ido ne ya fara ƙiftawa, ina kai ya juya, wane hannu ne ya sandare, minti nawa abin ya ɗauka. In da hali a ɗauki bidiyo da waya, a kai wa likita kaɗai. Idan ciwon ya wuce minti 5 bai lafa ba, a garzaya asibiti.